Famfon mai biyu a jirgin da nake haɗawa: a jere ko kafaɗa da kafaɗa?

Maififfike ya rubuta:

Assalamu alaikum. Manya, shawara nake nema kafin in yanka tiyo ko ɗaya, don na gaji da sayen abu sau biyu.

Shekara ta huɗu ke nan ina haɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu a gareji, na alminiyom, irin wanda fukafukansa ke ƙasa da wurin zama. Kowane fiffike da tankinsa, lita 70. Injin na mota ne mai silinda huɗu da aka gyara shi ya koma na jirgi, ƙarfin doki 130. Nozul gare shi, ba kafireto ba, kwamfuta ce ke raba masa mai. Wato ba shi da famfon nan da injin ke juyawa da kansa kamar na injinan jirgi na kamfanin Lycoming. In famfon lantarki ya tsaya, injin ya mutu, magana ta ƙare.

Shi ya sa na sayi famfo biyu iri ɗaya. Ga abin da na zana a takarda: mai zai fito daga bawul ɗin zaɓen tanki, ya bi ta filta guda, bututun ya rabu biyu, kowane reshe da famfonsa, su sake haɗuwa, su bi ta filta ta biyu zuwa nozul. Ragileta tana riƙe matsi a kan ba 3 ("ba", wato bar, ma'aunin matsi ne), rarar man ta koma tankin hagu. Famfunan zan ɗaure su a jikin bangon da ya raba injin da ɗakin matuƙi, ta ɓangaren injin, don nan ne nake da fili. Wuta kuma fis ɗaya, makunni ɗaya mai matsayi uku.

Wani abokina da ya zo ya duba ya ce in jera su ɗaya bayan ɗaya, wai haka Rotax, masu ƙera injin ƙananan jirage, suka yi wa injinsu. Ni kuma sai nake ganin in na gaba ya cije, ai ya tare wa na baya hanya. Wanne ne daidai? Sannan a sama, duka biyun ake bari a kunne ko ɗaya? Na gode.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ɗana. Shekara huɗu kana buga ƙusa ba wasa ba ce.

Da kai da abokin naka kowa na da gaskiyarsa. Rotax 912 iS famfunan lantarki biyu gare shi a jere, amma abin da abokinka bai gaya maka ba, kowane famfo an yi masa hanyar kewaye mai bawul ɗin da mai ke bi ta fuska ɗaya kawai. In famfon ya cije, man ya zagaye shi ya wuce. In ka jera su babu wannan kewayen, abin da kake tsoro shi zai faru. Famfon nozul ba kamar ƙaramin famfon kamfanin Facet mai kusurwa huɗu ba ne da ake sa wa injin kafireto, wanda yawancinsa mai na ratsa shi ko yana kashe. Kuma ko a Facet ɗin akwai samfurin da ke rufe hanya in an kashe shi, sai mutum ya duba lambar wanda ya saya.

Kafaɗa da kafaɗa kuma cutarsa daban. In famfon dama na aiki, na hagu na kashe, man da na dama ya tura zai nemi hanya mafi sauƙi. In ya samu ta cikin na hagu, sai ya koma baya ya yi ta kewaya wuri ɗaya, famfo na ta kuka, gejin matsin mai na faɗuwa. Yawancin famfunan mota suna da ɗan bawul a bakinsu da ke hana wannan, amma an yi shi ne don ya riƙe matsi in an kashe mota, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta hana shi rufuwa. Ni a injin nozul kafaɗa da kafaɗa nake so, da bawul na waje mai hana mai komawa a bakin fitar kowane famfo. Mahaɗan tiyo sun fi kaɗan a kan jere mai kewaye, kuma kowace mahaɗa wurin yoyo ce mai jiran ranarta.

To amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Na karanta zanenka sau biyu, ban ga famfo biyu ba. Famfo ɗaya na gani mai kai biyu.

Ka bi man da yatsa tun daga tanki. Bawul ɗaya, tiyo ɗaya, filta ɗaya, sannan ka raba. Me ya fi kashe injin sabon jirgi, famfo ne ko filta? Sabon tanki cike yake da tarkacen gini: ɓarɓashin alminiyom daga huda rami, guntun gam ɗin da aka liƙe tanki da shi, zaren tsumma. Sa'o'in farko duk wannan zai taho ya taru a filtar farko. In ta toshe, famfo goma ma ka sa, duk a bayan ƙofa ɗaya suke tsaye. Ka raba bututun kafin filta, kowane famfo da tasa. Kuma ta gaban famfo mai manyan idanu ake so, wajen maikiron 100 (maikiron ma'aunin girman idon filta ne), mai faɗi sosai. Mai ƙananan idanun nan, maikiron 10, bayan famfo take zama don ta kare nozul. Na sha ganin an juya su, kuma mai yin haka yana ganin ya ƙara tsafta ne.

Dalilin shi ne famfo gwanin turawa ne, ba gwanin zuƙa ba. Duk abin da ya matse hanya a gabansa yana rage matsin man da ke shigowa, fetur kuma da zarar matsi ya ragu sai ya fara tafasa ko da zafin bai kai ya kawo ba. Famfo ba ya kama tururi. Man jirgi 100LL an tsare shi, matsin tururinsa ba ya wuce psi 7 (psi shi ma ma'aunin matsi ne). Fetur ɗin mota, musamman wanda ake haɗawa don lokacin sanyi, yana iya ninka haka. Kai kuma injin mota gare ka, na san fetur ɗin mota za ka sha. Ƙara da cewa kana hawa sama matsin iskar da ke danna man cikin tanki na raguwa.

Yanzu dubi inda ka ce za ka ɗaure su: ɓangaren injin, sama da tanki, kusa da salansa. Zafi, ga zuƙa daga ƙasa, ga fetur mai saurin tashi. Ka sauka ka kashe injin minti 15 a rana, zafin injin ya dafa famfunan, ka tayar ka hau titin tashi, daidai lokacin da ka buɗe wuta duka sai geji ya fara rawa. Ka kunna na biyu, shi ma tururin zai sha, don wuri ɗaya suke kwana. Ka mai da su ƙasan wurin zama ko gindin fiffike, ƙasa da man tanki in zai yiwu, ta yadda man zai gangaro musu da kansa. Tiyon shiga ya zama gajere, mai kauri, ba lanƙwasa mai kaifi. Fili dai za ka nemo shi, ko da kujera za ta ɗaga.

Shirwa ya rubuta:

Baba ya gama da mai, bari in taɓa wuta, don ni nan ta cije ni.

Jirgina ma mai dogaro da lantarki ne kamar naka. Na yi abin da nake ganin wayo ne: kowane famfo da fis ɗinsa, da makunninsa, da jar wayarsa. Baƙaƙen wayoyin kuwa, na nagatif, sai na haɗe su a kan noti ɗaya a jikin jirgi, don wa ke tuna baƙar waya? Wajen awa 30 da fara tashi, ina gwajin injin a bakin titi, na ɗaga shi sama, sai ya yi tari ya mutu. Na kunna famfo na biyu, shiru. Muka tura jirgin gefe. Notin nan ne girgiza ta kwance, na taɓa shi da yatsa yana juyawa. Da ya ƙara minti biyu kafin ya saki, da ina saman bishiyoyin ƙarshen titi. Har yau in na tuna sai in ji bayana ya yi sanyi.

Saboda haka fis ɗayan nan naka da makunni mai matsayi uku, cire su. Makunni ɗaya in ya karye a ciki ya tafi da duka biyun. Kowane famfo da fis, makunni, jar waya da baƙar waya nasa, kuma kada wayoyin su bi rami ɗaya a ɗaure tare inda ƙarfe zai goge su lokaci guda.

Sai tushen wutar kanta. Ka zauna ka yi lissafi. Famfon nozul yana cin wajen amfiya 5. Kwamfuta da nozul da kwayil su ma ka ba su kamar haka. Amfiya 10 ke nan kafin ka kunna rediyo. In altaneta ta mutu, batir mai amfiya-awa 17 a takarda zai ce maka ya fi awa ɗaya da rabi, amma wannan lambar an auna ta ne da jan wuta a hankali na sa'o'i masu yawa, a sabon batir. Da jan amfiya 10, a batir ɗin da ya shekara biyu kuma ya tayar da injin da safe, ni rabin haka nake sa wa rai. Shi ya sa 912 iS ɗin da abokinka ya ambata janareta biyu gare shi a ciki. Mutane suna kwaikwayon famfunansa su manta da wannan. Ko ka sa batir na biyu, ko ƙaramar altaneta ta biyu, famfo na biyu kuma ya sha daga can.

Tambayarka ta ƙarshe: ni duka biyun nake kunnawa wajen tashi da sauka da duk lokacin da nake ƙasa-ƙasa. In na yi nisa sama sai in kashe ɗaya, idona a kan geji. Ranar mara na ɗaya nake bari a kunne, ranar cika na biyu, don kada wani ya kwanta ya mutu ban sani ba. Kafin kowane tashi kuma ina gwada kowanne shi kaɗai. In kullum biyun na kunne, ɗaya zai iya mutuwa wata uku kana yawo da gawa. Abu guda: ka tabbata ragiletarka da bututun komawa za su iya ɗaukar man famfo biyu a lokaci ɗaya. In sun yi ƙanƙanta matsi zai haura, injin ya sha mai fiye da kima.

'Yar Gareji ta rubuta:

Sannunku. Baba, a gafarce ni, akwai abin da ya wuce ku duka a zanen nan.

Malam Maififfike, ka ce rarar mai tankin hagu take komawa. Famfon irin naka yana tura lita 100 ko fiye a awa, injinka a tafiyar hankali bai fi ya sha 25 ba. Sauran duk komawa yake. In ka zaɓi tankin dama, cikin ƙasa da awa ɗaya ka kwashe shi kaf ka juye a na hagu, in na hagun a cike yake kuma sai ya yi ta zubarwa ta bututun numfashi. Kana kallon agogo kana cewa da sauran mai, alhali ka shayar da gajimare. Bawul mai hawa biyu ake sawa, hannu ɗaya yana juya na fita da na komawa tare, man ya koma inda ya fito. Kuma kada ka yi sha'awar matsayin "duka biyu" a jirgi mai fiffike a ƙasa. In tanki ɗaya ya ƙare, famfo iska zai zuƙa daga gare shi ya bar mai a ɗayan, don iska ta fi sauƙin ja.

Hannun bawul ɗin ma ka sa shi inda ido ke gani, hannu ke kaiwa kana ɗaure da bel. Long-EZ ɗin nan, jirgi haɗin gida, da ya kashe mawaƙin nan John Denver a gaɓar Kalifoniya a 1997, wanda ya gina shi ya sa hannun bawul ɗin ne a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi.

A nawa jirgin na ƙara abu ɗaya: na'urar jin matsi da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta. In matsi ya faɗi ƙasa da ba 2, famfo na biyu ya tashi da kansa, jar fitila ta kama ta zauna a kunne har sai na kashe ta. Injin nozul ba shi da kwanon mai irin na kafireto da zai ba ka 'yan daƙiƙu. Matsi na faɗuwa yake ɗaukewa. Hannuna bai kai rile sauri ba.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

'Yata, kin kama ni. Bututun komawar nan na karanta shi na wuce, tsufa ke nan. Ka ji abin da ta faɗa, ɗana, ka yi shi yadda ta ce.

Rile ɗin ne ban bi ki ba. Rile bai san dalilin faɗuwar matsi ba. In tiyo ne ya fashe a ɗakin injin, matsi zai faɗi, shi kuma ya taso da famfo na biyu ya yi ta feshin fetur a kan salansa mai zafi. Sannan kin ƙara na'ura, kin ƙara rile, kin ƙara wayoyi shida, kuma duk sun taɓa famfunan biyu da muke ta wahalar rabawa. Inda daƙiƙa ke da tsada, wato kusa da ƙasa, ai Shirwa ya riga ya kunna biyun da hannunsa. A sama kuwa akwai lokacin miƙa hannu. Ban ce naki ba ya aiki ba, na san masu yin haka da yawa, kuma fitilar da kika sa ta gyara rabin abin. In zai yi, to lallai makunnin hannu ya fi ƙarfin rile, ya iya kashe komai.

Abin da ba na jayayya a kansa shi ne gwaji. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta yi nazari a kan jiragen da mutane ke haɗawa a gida a 2012, ta ga matsalar injin na kan gaba, da yawa kuma a farkon tashin jirgin, har ta nemi a riƙa gwada tsarin mai kafin a ba jirgi takarda. Ƙa'idar da ake bi tsohuwa ce, tana cikin takardar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, mai lamba AC 90-89: in nauyin mai ne ke gangaro da shi, ya ba da kashi 150 cikin 100 na abin da injin ke sha a cikakkiyar wuta, in famfo ne kashi 125. Injinka a cikakkiyar wuta zai sha wajen lita 40 a awa, to lita 50 kake nema, daga kowane famfo shi kaɗai.

Yadda za ka yi: ka ɗaga hancin jirgin ya kai kusurwar hawa mafi tsanani, ka ɗan ƙara. Mai kaɗan a tanki, ba cike ba. Ka cire bututun komawa bayan ragileta ka sa a jarka mai ma'auni, don a nan ne za ka ga abin da famfo ke bayarwa yana ɗauke da matsinsa. Wanda ya cire tiyo a bakin famfo ya auna, kansa ya ruɗa. Famfo na ɗaya da tankin hagu, na ɗaya da dama, na biyu da hagu, na biyu da dama. A waje, ba cikin gareji ba, jirgi da jarka a haɗe da waya saboda tartsatsi, abin kashe gobara a hannun wani. In lamba ba ta cika ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maififfike ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba, Malam Shirwa, Hajiya. Na yi shiru mako uku ne don na koma na warware kusan komai.

Famfunan yanzu suna ƙarƙashin kujerar dama, cikin akwatin alminiyom mai ɗan bututun zubarwa zuwa waje. Kafaɗa da kafaɗa, kowanne da filtarsa da bawul ɗinsa. Na sa bawul mai hawa biyu, wanda ya sa dole na huda tankin dama na yi masa hanyar komawa, aikin da na yi ta gudu tun bara. Waya kowa da tasa har nagatif. Batir na biyu ya iso, ban ɗaura ba tukuna. Rile na bar shi sai na gama awa 40 na gwaji, in ga halin jirgin.

Jiya muka yi gwajin, ni da ƙanena. Ƙafafun gaba a kan katako, wutsiya a ƙasa, lita 10 a kowane tanki. Tankin hagu: famfo na ɗaya lita 2 cikin daƙiƙa 66, na biyu cikin 68. Wajen lita 108 a awa ke nan, na ji daɗi. Da muka juya dama sai labari ya canza. Minti na farko lafiya, daga nan kukan famfo ya sauya, man ya fara fita da kumfa, lita 2 ta ɗauki kusan minti uku. Na canza famfo, haka. Na buɗe filtocin biyu, ɗan ɓarɓashi ne kawai. Ina tsaye ina zufa sai ƙanena ya buɗe murfin tankin don ya leƙa, muka ji ya ja iska, fuu, man kuma ya dawo da ƙarfinsa nan take.

Bututun numfashin tankin dama ne. Zanzaro ya gina ɗaki a ciki, ya cika shi da laka tsawon ɗan yatsa. Fiffiken ya shekara biyu a rataye a bango, ban taɓa tunanin toshe bakin ba. Na zare lakar da waya, na hura, muka maimaita: daƙiƙa 67.

Tambaya ta gaba, in ba ku gaji da ni ba: murfin tanki mai ɗan rami a matsayin numfashi na biyu, yana da amfani, ko zai jawo mini ruwan sama cikin mai?

Shirwa ya rubuta:

Kada ka huda murfin. Saman fiffike wurin ƙarancin matsi ne, ramin zai riƙa zuƙe maka mai a sama, a ƙasa kuma ya sha ruwa. Ka sa 'yar raga a bakin bututun, ka yi masa marufi mai jan ƙyalle na lokacin ajiya, ka rubuta cire shi a takardar dubawa kafin tashi. Kuma ka leƙa na hagun ma da tocila, zanzaro ba ya gina ɗaki ɗaya.